Mai Ɗinkin Haske

Ƙarfe biyun dare a Ikeja.
Ruwa ya ɗauke, kwata ba ta ɗauke ba.
Ina cikin rami, taɓo har gwiwa,
Gbenga ya cije tocila da haƙori
don hannunsa biyu na kan lema.

Jiya da la'asar motar haƙa ta tsinke shi,
direban bai ma waiwaya ba.
Bankuna uku suka kurumce,
mai cirar kuɗi a bakin titi
ya kife na'ura, ya koma korar ƙuda.

Ga abin a tafina,
silin gilashi, kaurin gashin kai.
In na yi atishawa sai dai wani.
Na feɗe masa riga, na goge da sifirit,
na datse bakin ya zauna daidai,
inji ya kawo baki da baki,
tartsatsi ɗaya, ƙyas,
biyu sun koma ɗaya, babu ƙulli.

Baba ya yi shekara talatin da huɗu
kan keken ɗinki a Agege,
shago mai taga ɗaya, ta kallon layin dogo.
Da idonsa ya fara hazo
ni yake kira: Tasi'u, zo.
In ɗaga allura saitin taga,
in nemo ɗigon hasken da ke kafarta,
in lashi zare, in tura shi ciki.
Da can zare nake zura wa haske.
Yau haske nake zura wa zare.
Na taɓa faɗa masa haka, ya yi shiru,
can ya ce: to suna biyan ka dai?

Hurera, autarmu, tana Akoka,
ɗaki mai baƙin labule, tebur mai madubai,
jan tabarau a goshi.
Ita ta ce mini, Yaya, ka san
haske na rage gudu in ya shiga gilashi?
Na ce ashe shi ma yana shiga gosulo,
ba mu kaɗai ba ne a kan doguwar gada.
Ta ce shi ya sa masu bincike
suka ƙwaƙule cikin zaren kamar karan shan fura,
ya bi ta iska, ya huta da turereniya.
Ta ce akwai ɗan fale-falen abu, bai kai farce ba,
da haske ke lissafi a cikinsa
ba tare da ya yi zafi sosai ba.
Tana cikin bayani aka ɗauke musu wuta.
Na ji ta a duhu tana dariya,
tana kiran a tayar da janareto.

Abu ɗaya nake gaya wa sababbin yara:
kar ka leƙa bakin zaren.
Za ka ga kamar babu komai,
alhali yana nan, yana fita,
launin da Allah bai ba idonmu ba,
kuma yana cin ido shiru.
Wanda ba ka gani shi ne mai aikin.

Sili na ashirin da uku.
Yatsuna sun yi sanyi, sauro ya gama rabo.
Can ƙarƙashin teku, daga inda ban taɓa zuwa ba,
gaisuwar wani na tafe,
kuɗin wani, hoton jaririn wata,
duk sai sun taka wannan ɗinkin nawa
da ba wanda zai taɓa yabawa,
don ɗinki mai kyau ba a ganin sa.
Wannan ma maganar Baba ce.

Na ashirin da huɗu. Ƙyas.
Na duba awo, asara kaɗan ce.
Na rufe akwati, na ɗaure.

Wayar Gbenga ta hau rawa a aljihu,
saƙonnin wuni guda suna shigowa a guje.
Ya tofar da tocilar, ya karanta na farko.
Matarsa ce. Ya taho da burodi.

Danfon farko ya wuce babu fitila ɗaya.
Na miƙa hannu, ya jawo ni sama.